Iska da Raɓa da Cututtukan Shuka: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Abin da zan yi muku bayani yau shi ne yadda iska da ruwan sama da raɓa da zafin rana su ke taimakon cututtukan shuka su yaɗu daga gona zuwa gona, har ma daga wata ƙasa zuwa wata.

Dalilin da ya sa aka kawo wannan magana gabanku shi ne, labarin gona ya kan iso ƙofar hakimi kafin ya kai ofishin malamin gona. Manomi ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci kuma ya zo gaisuwa ya faɗa. To, in labarin nan ya yi mako biyu a zaure ba a aika da shi gaba ba, cutar ta riga ta haihu, 'ya'yanta sun bi iska. Saboda haka abincin talakawanku na shekara ya kan rataya bisa hanzarin alƙalaminku.

Asalin Cutar

Kowa ya san funfuna, wadda ta ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu a wuri mai laima, ko bisa takalmin fata da aka manta a ɗaki da damina. Funfuna abu ne mai rai, yana ci, yana girma, yana haihuwa. Yawancin cututtukan da ke ɓata ganyen gyaɗa da masara da gero da shinkafa da alkama dangin funfunan nan ne. Su kan shiga cikin naman ganye su riƙa shan abincin da shuka ta tanada domin 'ya'yanta. In sun ƙoshi sai su fasa fatar ganyen su fito da irinsu.

Irin nan nasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, tamkar ƙura, shi ya sa zan riƙa kiransa ƙurar iri. In aka jera ƙwayar tsatsa kamar guda 40, da ƙyar za su cika milimita ɗaya. Ba a ganin guda ɗaya sai da madubin nan na masu bincike mai ƙara girman abu, amma in sun taru ana ganinsu. Duk wanda ya ratsa gonar masara mai tsatsa da farar riga zai fito da jan gari a jikinta. Garin nan shi ne irin cutar.

A zamanin da, har Turawa ma suna tsammani laima ce kawai ke ruɓar da shuka. Sai a shekarar 1861 wani masani Bajamushe mai suna Anton de Bary ya tabbatar cewa wani abu mai rai ne ke ƙone ganyen dankalin Turawa, laima kuwa hanya ta ke buɗe masa. Wannan shi ne tushen dukan abin da zan faɗa.

Matakai Huɗu

Kafin ƙurar iri ta cuci wata gona, tilas ta bi matakai huɗu, watau ta tashi, ta yi tafiya, ta sauka, sa'an nan ta shiga ganye. Kowane mataki kuwa yana hannun yanayi.

Na farko, tashi. Kowace cuta da lokacinta. Cutar da ke sa baƙaƙen tabo a ganyen gyaɗa ta kan haɗa irinta da dare cikin laima, in gari ya waye raɓa ta soma bushewa, iskar hantsi ta motsa, sai ƙurar ta saki ganye. Tsatsa ita ma da rana ta fi tashi, musamman in iska tana kaɗa ganyaye suna gugar juna. Amma cutar da ke ƙone ganyen shinkafa, da wadda ke sa farin gari a bayan ganyen gero, su da dare su ke fitar da irinsu, tsakanin tsakar dare da asuba. An gane waɗannan lokatai sosai bayan shekarar 1952, sa'ad da wani masani mai suna Hirst, a gidan binciken noma na Rothamsted a Ingila, ya ƙera wani tarko mai zuƙar iska yana manna abin da ke cikinta bisa gilashi, sa'a bayan sa'a. Har wa yau, iskar nan mai ƙarfi da ke zuwa gaban hadari ta kan kwashi ƙura mai yawa, ɗigon ruwan farko kuma in ya bugi ganye ya kan fantsama ta zuwa ga shukar da ke kusa.

Na biyu, tafiya. Mafi yawan ƙurar ba ta yin nisa, cikin 'yan takawa ta ke faɗuwa. Shi ya sa za ku ga cuta ta fara a wuri guda kamar faɗin tabarma, sa'an nan ta riƙa miƙewa ta wajen da iska ta nufa. Amma in rana ta take, ƙasa ta yi zafi, iska mai zafi ta kan hau sama, kamar yadda guguwa ke ɗaga karmami, ta tafi da wani kashi na ƙurar har cikin gajimare. A shekarar 1921 wani masani mai suna Stakman da abokan aikinsa a Amurka suka riƙa miƙa gilashi mai danƙo daga cikin jirgin sama, suka kama irin cututtukan shuka a bisa fiye da ƙafa 10,000. A ƙasar can an san tsatsar alkama tana tasowa daga Meziko da kudancin Amurka, tana bin iska daga gona zuwa gona har Kanada cikin shekara guda.

Cikin tafiyar nan babban maƙiyin ƙurar iri shi ne hasken rana. Wadda fatarta ba ta da kauri, kamar ta cutar gero da ta dankali, rana tana kashe ta cikin 'yan sa'o'i, don haka cutar maƙwabta ce, daga gonar kusa ta ke zuwa. Ƙwayar tsatsa kuwa tana da fata mai kauri mai launi, tana jure kwanaki da yawa a sama, ita ce matafiyar nesa. In gari ya lumshe, gajimare ya rufe rana, dukansu su kan daɗe da rai.

Na uku, sauka. Wata ƙurar da kanta ta ke sauka in iska ta kwanta, wata kuwa ruwan sama ne ke wanko ta daga sama ya zuba ta bisa gonaki. Wannan ne ya sa wani lokaci a kan ga tsatsa ta bayyana a ƙauyuka da yawa kusan rana ɗaya, alhali kuwa babu inda aka san ta fara a cikin gundumar.

Na huɗu, shiga. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Ƙwayar da ta sauka bisa busasshen ganye ba ta iya kome. Sai ganye ya jiƙe da raɓa ko yayyafi ta ke tsirowa, ta miƙa wani ɗan zare ta shiga ciki. Kuma tilas jiƙar ta daɗe. Tsatsar karan alkama tana bukatar ganye ya zauna a jiƙe kamar sa'a 6 zuwa 8. In ganye ya bushe kafin zaren ya shiga, ƙwayar ta mutu. Zafi ma yana da nasa hannu: tabon gyaɗa da tsatsar masara sun fi ƙarfi a wajen digiri 25 zuwa 30, cutar dankali kuwa ta fi son sanyi-sanyi, ƙasa da digiri 20.

Bayan ta shiga, cutar ta kan yi kwana 7 zuwa 14 a ɓoye kafin tabo ya fito. Ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau: ranar da manomi ya ga tabo ba ita ce ranar da gonarsa ta kamu ba. Abin da ya gani yau aikin raɓar makon jiya ne ko na wancan. Ku duba wannan lissafi, a matsayin misali kawai. In tabo ɗaya yana haifar goma cikin kowane kwana goma, to, cikin kwana 60 ya zama miliyan ɗaya. Kwana 60 kuwa bai kai rabin damina ba a wurare da yawa.

Lokatan Shekara a Ƙasarmu

Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ita ke kawo laima da damina. Ɗayar tana fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ke kawo hunturu da hazo, wanda yawancin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta ke tasowa.

Da farkon damina haɗarin cuta kaɗan ne. Ruwa ya kan zo da ƙarfi ya ɗauke, rana ta fito, shuka kuma ƙanana ce, iska tana ratsa ta, ganye ya bushe nan da nan. Lokacin tsoro shi ne marka, watau daga Agusta zuwa cikin Satumba. A lokacin nan gari ya kan wuni a lumshe, yayyafi ba ya yankewa, raɓa tana kai wa hantsi, gyaɗa kuma ta rufe kunya har iska ba ta shiga ƙarƙashinta. Dukan matakai huɗun nan sun sami abin da su ke so. Tabon ganye da tsatsa in suka haɗu a gonar gyaɗa su kan kai ga cinye rabin amfaninta, harawa kuma ta tashi kara zalla babu ganye, mai dabbobi ma ya yi hasara. Gero mai cutar farin gari ya kan fito da zangarniyar da ta rikiɗe ta zama ganye-ganye babu tsaba. Shinkafa kuwa in cutar ƙuna ta kama wuyan zangarniyarta, sai ta yi fari ta tsaya miƙe, ba ido a ciki.

A tsaunukan Jos, wajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda sanyi da hazon ruwa ke haɗuwa da damina, cutar ƙunar dankalin Turawa ita ce babbar masifa, tana kuma kama tumatir. Ita ce ta faɗa wa ƙasar Ailan a shekarar 1845, ta jawo yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. A Ingila ma'aunin da su ke gargaɗin manoma da shi shi ne, in aka yi kwana biyu a jere sanyi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, laimar iska kuma ta kai kashi 90 cikin 100 har sa'a 6 kowace rana, to, a shirya.

In hunturu ya shigo, iska ta bushe, yawancin cututtukan nan su kan lafa. Amma kada masu fadama da masu noman rani su saki jiki. A kwari da bakin ruwa raɓa tana sauka ko da rani. Alkamar da a ke nomawa a Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori, in an makara shuka ta, watau aka wuce tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta kan haɗu da zafin bazara tana cikin ɗaukar ido, tsatsar kara kuwa rana mai ɗumi bayan dare mai raɓa ta ke so. Akwai kuma wata cuta mai kama da an barbaɗa toka bisa ganyen kuɓewa da kabewa da furen mangwaro. Ita wannan ba ta bukatar ganye ya jiƙe, shi ya sa da rani ta fi yawa.

Abin da ya Faru a Baya

A shekarar 1949 aka ga wata sabuwar tsatsar masara a Saliyo, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne. Masarar Afirka ba ta saba da ita ba. Cikin ɗan lokaci ta game Afirka ta Yamma har da Nijeriya, a shekarar 1952 kuwa ta kai Kenya. Abin da ya karya ƙarfinta shi ne yaɗuwar irin masara mai jure mata.

A shekarar 1978 tsatsar rake ta bayyana a tsibiran Karebiyan, masana kuma da suka bi sawun iskar lokacin sun fi zaton daga Kamaru ta ƙetare teku. Tsatsar waken suya an fara ganinta a Nijeriya a shekarar 1999, ta kai Barazil a 2001, sa'an nan cikin Nuwamba na 2004 aka same ta a jihar Luwiziyana ta Amurka, bayan wata babbar guguwar teku da ta auku cikin Satumba, wadda a ke zaton ita ta kai ta.

Wata muguwar tsatsar karan alkama kuma, wadda a ke kira Ug99, an gano ta a Yuganda a shekarar 1998. Ta shiga Kenya a 2001, Habasha a 2003, ta ƙetare Bahar Maliya zuwa Yaman a 2006, ta kai Iran a 2007. Ba ta nemi izinin kowane sarki ba, ba ta tsaya a kan iyakar kowa ba. Habashawa sun ɗauki darasi. Sun haɗa kai da masu binciken yanayi na Ingila da Jami'ar Kambirij, ana haɗa rahoton malaman gona da hasashen iska da ruwa cikin kwamfuta, a gane inda ƙurar za ta sauka cikin mako mai zuwa, a aika wa manoma gargaɗi ta waya. Ku lura, kwamfutar nan ba ta da abin da za ta lissafa sai rahoton mutumin da ya shiga gona ya duba da idonsa.

Ba Kowace Cuta ke Bin Iska ba

Wajibi ne a bambanta, don kada a sayi maganin da ba nasa ba. Burtuntunar da ke mai da tsabar dawa baƙin gari, yawancinta a jikin iri ta ke tafiya. Wurin sussuka garin ke manne wa tsaba mai lafiya, a shuka su tare. Maganinta shi ne a cire zangarniyar da ta kamu tun a gona, a kuma cuɗanya iri da garin magani kafin shuka. Haka kuma cutar nan da ta murɗe gyaɗa ta ƙanƙance ta a shekarar 1975, ta halaka gonaki masu ɗimbin yawa a Arewa, ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ne suka yaɗa ta. Maganin funfuna ba ya yi mata kome.

Abin da A ke Roƙon Hakimai

Ba mai iya tsare iska, amma ana iya rage irin da za ta ɗauka, a kuma rage mata masauki. Ranku ya daɗe, ga abin da mu ke roƙo ku umarci dagatai da masu unguwa su yi shelarsa.

Na ɗaya, a yi shuka da wuri da zarar damina ta zauna, kuma mutanen gari su yi ta lokaci guda. Gonar da aka makara ita ke karɓar ƙurar dukan gonakin da suka riga ta, tana ƙarama.

Na biyu, kada a maimaita gyaɗa a gona ɗaya shekara biyu a jere, domin irin tabon ganye yana kwana cikin ragowar ganyen bara. A kuma tuge gyaurota da ke tsirowa a fadama da rani, gama tsatsar gyaɗa ba ta iya ƙetare rani sai bisa shuka mai rai.

Na uku, a riƙa zaga gonar gero cikin watan farko, duk tushen da aka ga ganyensa ya yi rawaya da farin gari a bayansa a tuge a binne.

Na huɗu, kada a cushe shuka, a kuma yi noma da kyau don iska ta ratsa ganye ya bushe da wuri. Masu lambu su ba da ruwa da safe a gindi, su bar yayyafa wa ganye da yamma. Masu shinkafa kada su zuba takin yuriya fiye da ƙima, domin ganye mai taushi shi cutar ƙuna ta fi so.

Na biyar, a nemi iri mai jure cuta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana aikin gyaɗa da dawa da masara, ta Tafkin Cadi a Maiduguri tana aikin gero da alkama, ta Badeggi kuma shinkafa. Malamin gona zai faɗi wanda ya dace da ƙasarku.

Na shida, in za a yi feshi a yi shi da shawarar malamin gona, tun cutar tana farawa, gama magani ba ya rayar da ganyen da ya mutu. Kada a yi feshi cikin iska ko hadari na haɗuwa. Mai feshi ya rufe hanci da jiki, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai cikin mazubin magani.

Aikin Malamai

Ku kuma malamai, kowannenku ya ware littafi guda domin wannan. Kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba a rubuta abu huɗu: ko an yi ruwa, ko rana ta fito ko gari ya wuni a lumshe, ƙarfe nawa raɓa ta bushe, da wajen da iska ta fito. In kuka ga kwana uku a jere raɓa ta kai hantsi kuma gari a lumshe, ku sanar da hakimi, a aika wa dagatai su sa a duba gonaki har mako biyu, ana ɗaga ganyen ƙasa ana duba bayansa. Ku riƙa sauraron hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya a rediyo, ku gwada shi da abin da ke littafinku.

In rahoton cuta ya zo, a rubuta sunan ƙauye, da irin shukar, da ranar da aka shuka ta, da ranar da aka fara ganin alamar, da kamanninta, da yawan gonakin da suka kamu. A ɗauki hoton ganyen da waya, gaba da baya. A tsinko 'yan ganyaye a shimfiɗa su tsakanin takardu, kada a sa su a leda, domin za su ruɓe kafin su isa. A aika wa malamin gona na ƙaramar hukuma a ranar, kada a jira taron wata. A kuma rubuta wa hakiman da ke maƙwabtaka, musamman wanda ke wajen da iska ta nufa, gama Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Littafin nan in ya yi shekara biyar ana cika shi, zai nuna wa gunduma makonnin da cuta ta saba zuwa mata, har a riƙa shiri kafin ta iso.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan. Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonakin talakawa daga kowace irin annoba, amin. Wassalam.